Tulun Kiranye

A shekarar da zan rubuta kundin gama jami'a a Kwatano, na zaɓi abin da kowa ya yi mini dariya a kansa. Jamusanci nake karantawa, zamanin mulkin juyin juya hali, lokacin da ko mai ƙosai sai ka ce mata kamarad kafin ta zuba maka yaji. Malamarmu 'yar Jamus ta Gabas ce, doguwa, ba ta murmushi sai wani ya yi kuskure. Wata rana ta dire mana kwali cike da tsofaffin littattafai, ta ce matan 'yan mishan ne suka rubuta su lokacin da Jamus ke riƙe da Togo, kuma ko a ƙasarsu an manta da su. So take mu nuna yadda mishan ya share wa mulkin mallaka hanya. Ni dai wanda ya fi sirantaka na ɗauka, don ban son wahala.

Da hutu ya zo na hau jirgin ƙasa zuwa gida Parakou. Babana yana sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Da na faɗa masa aikin da nake yi, sai ya ce duk matan duniya na rasa wadda zan bi sai matacciyar Baturiya. A bayan shagonsa na zauna, kan dilar kaya, ina fama da baƙaƙen nan nasu na da masu ƙahoni.

Labarin wata yarinya ne da mishan suka saya a hannun fatake, wai sun fanshe ta. Matar da ta rubuta tana son yarinyar irin son da ake yi wa ɗan akuya: ta yi mata wanka, ta ɗinka mata riga, ta sa mata sabon suna, sannan ta cika shafi da kukan cewa ba ta da godiya. Haushi ya sa na yi ta tsaki har wani mai ciniki ya leƙo. Matar ta ce fataken daga wajen Djougou suka fito. Ta ce an yanke gefen kunnen yarinyar na hagu, ita ba ta san dalili ba. Ni na sani. Haka ake yi wa 'yar wabi, wadda aka haifa bayan 'yan uwanta sun yi ta mutuwa, don ta zauna.

Sai na kai wurin da ya tsayar da ni. Matar ta rubuta cewa kullum da yamma, in inuwar gida ta kai shinge, yarinyar takan saki abin da ke hannunta, ko kwano ne ko tsintsiya, ta juya arewa maso gabas, ta amsa da ƙarfi, alhali ba wanda ya kira ta. Ta dake ta, ta yi mata addu'a, ta kulle ta a ɗaki, duk a banza. A ƙarshe ta ce Shaiɗan ne. Har kalmar da yarinyar ke faɗi ta rubuta da baƙaƙensu. Na karanta a hankali, na ji bakina ya ce na'am.

Kakata, uwar babana, a Djougou take. Tun da na yi wayo, in ta sallame la'asar sai ta shiga madafa, ta durƙusa, ta kafa baki a wani tulu da ba a taɓa zuba masa ruwa ba, ta kira suna, ta saurara, ta sake kira. Kiranye ke nan, yadda ake jawo wanda ya ɓata ya dawo gida. Yayarta take kira. Suna yara aka aiki yayar da tallan fura zangon fataken goro, ba ta dawo ba. Uwarsu ce ta fara kiran, da za ta rasu ta bar wa Kaka tulun. Ba a taɓa yi wa yayar sadaka ba, don Kaka ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mamaci. Mu jikoki mun saba har muna kwaikwayonta a bakin rijiya.

A shekarun nan abin ya zama haɗari. Gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da bokaye da matsafa, 'yan kwamitin unguwa suna shiga gidaje suna fasa tukwane. Babana ya roƙe ta ta bari. Ta ɗauki tulun ta jera shi cikin randunan ruwa, ta rage murya, ta ci gaba.

Na buɗe babin ƙarshe. Yarinyar ba ta daɗe ba. Zazzaɓi ya kashe ta a damina ta biyu, aka binne ta a bayan coci da sunan da ba nata ba. Matar ta rufe littafin da roƙon masu karatu su aiko da taimako.

Ban faɗa wa babana ba. Na shiga motar Djougou, ta lalace mana a Onklou, na zauna a gindin bishiya ina ta saƙawa da kwancewa. Tsoro nake ji. In na faɗa, na raba tsohuwa da abin da ta riƙe tun tana yarinya. In na yi shiru, za ta mutu tana kiran wadda ba ta ko sami addu'a ba.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma. Idonta ya yi rauni, amma ta gane takuna.

"Maigida, yau ma hannu rabbana? Miji ba cefane, sai takarda."

"Kaka, takardar ce cefanen yau."

Na zauna kusa da ita na mayar mata da labarin Hausa. Ba ta katse ni ba sai da na ambaci kunne.

"Wane kunne?"

"Na hagu."

Ta taɓa nata kunnen. Da na kai wurin inuwa da shinge, ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Ta amsa?"

"Kullum, Kaka. Har dukanta aka yi, ba ta bari ba."

"Ai Inna ta faɗa. Ta ce tana ji." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin tsagar fuskarta. "To yanzu tana ina?"

Na so in ce littafin bai faɗa ba. Bakina ya ƙi. Na gaya mata zazzaɓin, da daminar, da bayan coci. Ta saki hannuna. Ta daɗe tana kallon ƙofar madafa.

"Ashe tun Inna na da rai," in ji ta. "To ni wa ke numfashi a cikin tulun in na saurara?"



Washegari ta sa aka soya waina, aka kira malamai. Ɗaya ya ɗan yi jim da ya ji an binne ta a coci. Kaka ta ce masa yarinya ce mai tallan fura, ba ta san coci ba, ya karanta kawai. Suka karanta. Da aka watse ta shiga madafa da kanta, ta kife tulun, ta ɗora masa dutsen niƙa. Na ji sanyi a raina, na ce aikin nan nawa ya yi rana, ko da malama ba za ta ga wannan a kundi ba.

Na ƙara kwana don in ga yadda za ta yi. Da la'asar ta yi salla, ta dawo kan tabarma ta jawo faifan wake tana tsincewa da lalube. Ba ta ko dubi madafa ba. Rana na nan sarai, kaji na tono, ana daka a maƙwabta. Ina mata tsiya cewa yanzu ta sami lokacin kula da mijinta, tana ramawa. Inuwar ɗaki ta miƙe a hankali har ta taɓa danga.

Sai faifan ya zame daga cinyarta, waken ya watse. Ta ɗago kai ta juya kudu maso yamma, inda ba kowa sai bango, fuskarta a sake kamar ta yarinyar da aka kira cin abinci.

"Na'am," in ji ta.