Littattafan Tafa da Rinin da Ido Ba Ya Gani

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Mustafa, wanda duk unguwarmu ta Zongo a Lome ta sani da Tafa. Babur ɗin haya ne ya faɗi da shi a hanyar Agoè, sati biyu da zuwansa hutu daga Turai, inda yake aikin bincike. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, kuma ba don zuciya ta yi sanyi ba. Na gaji ne da riƙe maganar ni kaɗai.

Mu jikokin marini ne. Kakanmu da sana'ar shuni ya zo Lome daga Arewa, hannunsa shuɗi har ya koma ga Allah, ni kuma atamfa nake sayarwa. A gidanmu ido ne alƙalin rini: a ɗaga ƙyalle a rana, a duba, a yanke hukunci. Sai ga Tafa ya karanta kimiyyar sinadarai ya dawo yana cewa shi ma rini yake haɗawa, amma nasa in an ba shi wutar lantarki haske yake fitarwa, hasken da ya ɗan wuce ja, wanda idon mutum ba ya gani. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce lallai ya dace da sana'a, tunda ba mai dawo masa da kaya ya ce launi bai kama ba.

Bai ji haushi ba. Ya ɗauko telekoman, wato rimot ɗin talabijin, ya saita kyamarar wayata a bakinsa, ya danna. A fili ban ga komai ba, amma a fuskar waya ga ɗan haske yana ƙiftawa. "Voilà, Yaya, yana nan," in ji shi. "Idonki ne bai kai wurin ba." Ya ce irin wannan haske yana ratsa fata, shi ya sa likitoci suke sonsa, kuma burinsa a samu rinin da za a shafa a kan abu mai lanƙwasa kamar filasta, a manna wa majiyyaci. Matsalarsa, duk sanda ya tura launin gaba da ja, sai ƙwayoyin rinin su kama makyarkyata, ƙarfin ya tafi a zafi maimakon haske. In kuma sun cunkushe wuri ɗaya sai su dushe juna, kamar mu 'yan atamfa in an tara mu rumfa ɗaya. A nan shekarunsa na ƙarshe suka tafi, yana zana ƙwayoyi masu taurin jiki, yana yi musu hannaye don kada su manne da juna.

Zanen nan ne ya jawo abin. Bayan sadakar bakwai aka buɗe jakarsa, aka tarar da littattafan rubutu uku cike da gidaje masu kusurwa shida, an jona su da layuka, ga haruffa a gefe. Kawu Idi, yayan mahaifiyarmu, ya jujjuya su ya ce wannan hatimi ne, kuma ba irin wanda ya sani ba, a binne su yadda ake yi wa tsoffin takardun malamai. Ni na san ba hatimi ba ne. Na karɓe, na naɗe su cikin turmin atamfa, na sa a ƙasan akwati inda muke ajiye duk abin da muke ji da shi.

Bayan wata biyu wata abokiyar aikinsa ta rubuto mini ta'aziyya, ta roƙi in ɗauki hoton shafukan in aika mata, don akwai abin da ya fara bai gaya wa kowa ƙarshensa ba. A nan na tafka nawa kuskuren, ni mai yi wa Kawu kallon wanda bai waye ba. A kasuwa ba ma nuna sabon samfuri kafin kaya su sauka, in ka nuna, kafin ka ankara an buga irinsa an cika gari. Da wannan hankalin na auna maganarta. Na ce za su kwashe wahalar ƙanena su sa sunansu, na ƙi amsawa. Kawu ya so ya binne su a ƙasa, ni na binne su a akwati, shekara takwas, ina fito da su duk bayan damina in shanya saboda danshin Lome.

Bara na gaji da gadi, na nemo adireshin abokiyar aikin nan tasa, na aika mata hoton shafukan. Ta amsa cikin mutunci, ba zargi ko kaɗan, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta ce hanyar da ke littafi na uku daidai ce, amma wasu sun gano ta daga baya, sun wallafa, har an wuce wurin. Da ta samu a lokacin, da sunan Tafa ne a kai. Ni da na fi kowa sanin atamfa tana fita yayi tana cikin akwati, ban taɓa kawowa a raina ilimi ma haka yake ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, samarin Zongo na yawo da agogon da ke ƙirga bugun zuciya ta cikin fata. Ina jin murna zai yi, ya tare su a hanya ya hau yi musu bayanin da ba su nema ba. Shi bai damu da wa ya riga wa ba. Ni ce na kasa yafe wa kaina, don sunansa ne na ce ina karewa, kuma shi na salwantar.

Watan jiya aka kwantar da Mma, mahaifiyarmu, numfashi ya yi mata nauyi. Nas ta maƙala mata ɗan abin nan mai jan haske a yatsa, ta ce akwai wani hasken tare da shi da ba a gani, su biyun ne suke auna iskar da ke cikin jini. Mma ta juyo ta dube ni.

"Hajara, wannan ne aikin Tafa?"

Na san ba nasa ba ne. Na san kuma dalilin da ya sa babu sunansa a kan komai, ita ba ta sani ba. Na ce, "Irinsa ne, Mma."

Da nas ta zo cirewa, sai Mma ta rufe yatsan da ɗaya hannun, ta ce a bar mata shi tukuna.

Allah ya jiƙan Tafa, ya haskaka makwancinsa.