Malama Rauda Sada da Jinin Mai Riƙe Yara

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, Malama Rauda Sada ta riga ta shiga ɗakin gwajin jini. Takan rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta sa farar riga, sannan ta buɗe firij ta ga ko ɗaukewar wuta ta lalata mata magungunan gwaji. Sau da yawa ta lalata. Sai ta ja tsaki guda, ba ta ƙarawa, ta jawo kujera. Daga nan har azahar aikin ɗaya ne: ɗigon jini a kan ɗan gilashi, ta shafa shi siriri, ta rina shi, ta sunkuya a kan na'urar hangen ƙwayoyi. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a sunkuye haka a wani asibiti na ƙasar Daura, har wuyanta ya ɗan karkace, har yanzu kuma bai miƙe ba.

Watan jiya ta yi ritaya. An taru, an sha lemo, an ba ta agogon bango, an yabi haƙurinta da zuwa aiki da wuri. Ina wurin. Har aka shafa fatiha babu wanda ya ambaci Mati, kuma wannan ne ya sa na dawo gida raina a ɓace na ɗauki alƙalami.

Mati leburan asibitin ne, maƙwabcina kuma. Duk wanda ya haihu a garin nan ya san hannunsa. In yaro ya faɗo daga bishiya, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce a yi hoton ƙashi ko na ƙirji, to dole a sami wanda zai riƙe yaron kada ya motsa. Uba yakan tsaya a waje yana latsa waya. Uwa, in ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta rungume shi a gaban maza, sai ta noƙe a bakin ƙofa. Sai a ƙwala wa Mati kira. Shi kuwa Allah ya ba shi jinin yara: ya yi musu kukan akuya, ya kumbura kumatu, kafin yaro ya gama dariya an ɗauki hoton. Dabo, mai sarrafa injin, yakan laɓe bayan bango ya danna. Mati yana tsaye a gaban injin, yau da gobe, shekara da shekaru.

Mu ma fa muna da namu laifin. A garin nan akwai masu ɗaukar hoton nan kamar magani ne. Likita ya duba yaro ya ce babu buƙata, uba ya murtuke fuska ya ce an raina shi, ai ɗan wane an yi masa. Sai a rubuta don a zauna lafiya, a sake kiran Mati.

Malama Rauda ce ta fara tsayawa ta yi tambayar da ba wanda ya yi. Mati ya zo mata gwajin zazzaɓi, ta duba jininsa, ta ga fararen ƙwayoyin da ke kare jiki daga cuta sun yi ƙaranci. Ta sake gwadawa bayan ya warke, ta ga ba su dawo daidai ba. Ta kira shi ta zaunar.

"Malam Mati, in ka shiga ɗakin hoto me kake sawa?"

"Rigar dalma mana, Malama. In na tuna. Nauyi gare ta kamar buhun gero."

"Ina take?"

Ya kai ta. Rigar tana cikin kabad, an ninke ta tsaf, ninki a kan ninki, yadda ake ninke babbar rigar Sallah. Mati ne yake ninke ta haka kullum, don girmama kayan gwamnati, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa rigar dalma rataye ta ake yi, ninki yana fasa dalmar da ke ciki, wadda ke tare hasken injin. Dabo ya ba ni labarin abin da ya biyo baya da bakinsa. Ya ce ta shimfiɗa rigar a kan gadon hoto ta ce, "Ɗauke ta." Ya ce, "Malama, riga zan ɗauka?" Ta ce, "Ita ce marar lafiyar yau." Da hoton ya fito, duk inda ninki ya bi ya tsage, kamar ƙasar fadama da rani. Dabo ya ce sai da ya nemi wuri ya zauna.

Ta yi wa Mati bayani da Hausar da zai gane. "A cikin kowace ƙwaya ta jikinka akwai wani siririn zare da ke ɗauke da umarnin yadda za ta girma da lokacin da za ta mutu. Masana suna ce masa DNA. Hasken injin nan ido ba ya ganinsa, amma yana iya tsinka zaren. Jiki yana ɗinkewa, Allah ya ba shi wannan. Sai dai wanda ake tsinka wa kullum, wata rana ɗinkin yana iya karkacewa, ƙwayar ta manta da mutuwa ta yi ta haihuwa. Shi ne ciwon daji."

Ba ta tsaya a kan Mati kaɗai ba. Ta san jinin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ranakun hutunta ta riƙa hawa babur da ɗan akwatin ƙanƙara, ta bi ƙananan asibitoci da ɗakunan hoto na 'yan kasuwa, daga Mai'adua har Zango da Sandamu. Ta roƙi masu aikin hoto su ba ta jini, ta kuma roƙi malaman makaranta da teloli, waɗanda ba su kusantar injin, don ta kwatanta. Abin da na'urarta ba ta iya gani, ta aika wa wata abokiyar karatunta a Kano ta duba mata ɓarnar zaren. Wasu sun kore ta. Wani mai ɗakin hoto ya ce mata 'yar leƙen asiri, wani ya ce jinin mutane take sayarwa.

Ke ce, Rauda 'yar Sada, mai ido a kan jinin talaka, kika ɗauki sakamakon nan kika shiga ofishin shugaban asibitin na lokacin. Abu uku kika nema, ba ko ɗaya da ya fi ƙarfinsu: a fitar da Mati daga ɗakin hoto, a sayi sabuwar riga a rataye ta, a sa iyaye su riƙa riƙe 'ya'yansu da kansu, tunda shiga ɗaya ba ta kai shigar kullum haɗari ba.

Ya saurare ta yana juya mukullin mota. Sannan ya ce, "Hajiya, za ki iya rantsewa injin ne ya taɓa masa jini?"

Ta ce, "Yallaɓai, a kan mutum ɗaya ba wanda zai iya rantsewa. Abin da zan iya faɗa shi ne rigar a fashe take, jininsa yana ƙasa, na sauran masu aikin ma ya bambanta da na mutanen gari."

"To kin ji. Ke ma ba ki tabbatar ba."

Wannan maganar ce take ƙona mini rai har yau. Mace ta ƙi yin ƙarya saboda amanar iliminta, sai aka ɗauki gaskiyarta aka rufe mata baki da ita. Mutumin nan ya yi karatu, ya san abin da take nufi sarai. Gudun ɗawainiya ne kawai da gudun a ce an yi sakaci a zamaninsa. Ba a jima ba aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti wajen Kongolam, aka ce can ne ake buƙatar ƙwarewarta.

Abin da ya fi mata ciwo ba canjin wurin ba ne. Mati ne ya daina gaishe ta. Shi ba ma'aikacin dindindin ba ne, kuma ya ji ana raɗe-raɗin in ba ɗakin hoto, to babu aikin da zai yi. Ya same ta a bakin ƙofa ya ce, "Malama, me na yi miki? Lafiyata ƙalau, kina neman ki raba ni da abincin iyalina." Amma duk sanda ta shigo Daura sai ta biya gidansa, ta zauna da matarsa Hasana, ta yi ta lallashi har ya miƙa hannu yana kawar da kai ta ɗebi jinin.

A haka ta gano ciwon a jininsa. Kafin haɓo ya fara, kafin dasashi ya fara zubar da jini, ta ga baƙin ƙwayoyi a kan gilashinta. Ba ta aika kowa ba. Ita ta je ta faɗa masa, ita ta raka shi babban asibiti a Kano, inda aka tabbatar sankarar jini ce. Likitocin can suka ce zuwa da wuri ya ba shi dama. Sai a lokacin aka fitar da shi daga ɗakin hoto, aka dawo da ita bakin aikinta ba tare da ko sannu ba.

Maganin sankara yana cin jini, ana yi wa Mati ƙari a kai a kai. Malama Rauda ta bi gidajen suna da majalisun unguwa tana cewa, "Duk wanda Mati ya taɓa riƙe wa ɗa, ya zo ya ba shi jini leda ɗaya." In da rabin waɗannan iyaye sun fito, da layin ya kai bakin kasuwa. 'Yan kaɗan ne suka zo. Cikinsu har da Emeka mai kayan gyaran babur, wanda Mati ya riƙe wa 'ya lokacin da ta karye a hannu. Sauran, wannan ya ce jininsa bai ishe shi ba, wancan ya ce sai ya yi shawara. Ina jin kunyar garinmu a kan wannan, kuma ba zan ɓoye ba.

Mati yana nan da rai. Ya rame, gashinsa ya zube, amma yana fitowa ƙofar gida da hantsi. Kwanan baya ina zaune da shi Malama Rauda ta zo duba shi. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Malama, wani abu ke damuna. Yaran nan da na riƙe, ban cuce su ba ko?"

Ta ce, "A'a, Malam Mati. Kowane yaro sau ɗaya ko biyu ya shiga. Kai ne ka shiga da kowannensu."

Malama Rauda, mun gode. Ba su faɗa a wurin taron ba, ni na faɗa a nan: kin tsaya wa mutumin da ya daina gaishe ki, kin ƙi ƙara gishiri a sakamakonki ko da ƙarya za ta fi saurin buɗe ƙofa. Allah ya saka miki, ya miƙe miki wuyan nan, ya ba Mati lafiya.

Ku kuma matasan da ke ɗakunan gwaji, ku yi koyi da ita, in kun ga abu a jinin mutum ku bi shi har inda ya fito. Sauran mu, ƙofar ba da jini a buɗe take, Mati yana buƙata a wannan watan. Na leƙa asibitin makon jiya. An sayi sabuwar riga, tana rataye, wannan kam an yi. Amma iyaye suna nan a baranda, kuma an ɗauki wani magidanci mai suna Nagoggo a gurbin Mati, an ce yara suna son sa. In aka kira sunan ɗanka, kada ka bari a kira Nagoggo. Tashi ka sa rigar ka riƙe abinka.