Gangar Noma da Ƙwaƙwalwar Yaya Tanko

Gayam zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar na asuba muka bar Gayam, ni da yayana Tanko, wanda ƙwayar hana barci ta manoma ta kama. Kwana shida bai runtsa ba, da rani tsaka ya nome gonarsa ya shiga ta maƙwabta. Tsorona kada hankalinsa ya tafi.

A Birnin Gwari muka hau akori-kura, sule bakwai kowa, mil saba'in da 'yan kai cikin daji. A Buruku na ci waina, shi ya tsaya cire ciyawar tasha.

Asibiti

Ƙarfe biyu muka ga likita, wani ɗan siriri mai tabarau. Ya ce ƙwaƙwalwa takan ƙulla ƙwaya da abin da ke zuwa kafin a sha ta, ko ganinsa aka yi ko jinsa, sai jiki ya nemi ƙwayar.

"Yaushe kake sha?"

"In Ƙarami ya fara kiɗa," in ji Yaya, ya nuna ni. Ni ne makaɗin gayya na garinmu.

Likita ya ce in buga teburinsa. Bugu uku, gumi ya keto wa Yaya, yana lalube aljihu. Kunya ta kama ni. Aka ba shi magani, ni kuma aka rubuta mini aiki: kiɗa kullum, ba ƙwaya, har ƙwaƙwalwar ta gaji da jira.

Komawa

Mun kwana gidan wani ɗan garinmu, ƙarfe bakwai muka kamo hanya. Da aka wuce Buruku na fara ba da maganin kiɗa, ina buga jikin mota. Fasinja huɗu suka hau gumi, direba ya take mai.

"Malam, don Allah bari," in ji direban. "Ni ma tsohon manomi ne."

A shingen Kuriga ɗan sanda ya karanta takardar likita sau biyu, ya ce mu wuce, bai ko dube mu ba.

Gida

La'asar muka iso. Tun daga nan, kowane hantsi, ga rani, ina tsakiyar gonar da ba komai ina yi wa mutum ɗaya kiɗa, yana zaune yana zagina yana karkarwa. Mutanen gari suka ce haukan ya koma kaina.

Rana ta arba'in da uku, ina tsakiyar taken da ya fi so, na ji minshari. Shekara ashirin ina kiɗa, ba wanda ya taɓa yi mini wannan wulaƙanci. Na sassauta hannu don kada ya farka, ina hawaye ina gode wa Allah.