Jinin da Nafi'u Ya Zo da Shi

A cikin markar shekarar 1996, wata safiyar Laraba, na dawo daga yankan ciyawar awaki na tarar an zaunar da ƙanena Nafi'u a kan kifaffen turmi, Baba Wanzami ya jera masa ƙaho a gadon baya. Shekararsa biyar, amma ko ƙwalla bai yi ba, don ciwon ƙashi ya riga ya ƙarar masa da kuka. Baba Wanzami ya ɓalle ƙaho ɗaya, ya juye gudan jinin a ƙasa, ya nuna wa Inna, mahaifiyarmu: "Kin gani? Mataccen jini ne." Ni kuwa ina tsaye da ciyawa a ka, ruwanta na bin wuyana, ina murna an cire abin da ke cin ƙanena.

A ƙauyenmu da ke gefen Miga, damina ta yara ce. Mu tashi daga makarantar allo mu wuce firamare, inda aji ke yoyo har malam ya tattara mu lungu ɗaya. Mu dawo mu kai abinci gona, mu tsinko yakuwa, mu ɗaure awaki kada su shiga geron mutane. Da ruwa ya kece, maza su tuɓe su yi ta tsalle a ƙarƙashin indararo. Nafi'u kam ba a barinsa, domin sanyi na taɓa shi gaɓoɓinsa za su kumbura, idanunsa su yi rawaya. Sai ya zauna cikinmu mata a zaure yana carafke, ya cinye mu tas, ya kuma bi ni da tsiya: "Yaya Hajara, wannan hannu naki ai muciya ce."

Ba mu san sunan sikila ba, sanyin ƙashi muke cewa, maganinsa kuma ƙaho. Babu mugunta a ciki. Baba Wanzami shi ya yi mana askin suna duka, shi ke yi wa mahaifinmu ƙaho bayan girbi ya tashi garau. Ba wanda ya san jinin yaron dama bai ishe shi ba, ɗan abin da yake rayuwa da shi ne ake zubarwa a ƙasa kaji suna tsattsaga. Inna ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Tana surfe tana magana ita ɗaya: "Watannin farko fa ɓul-ɓul yake, ko mura bai yi ba. Yaron da ya zo da lafiyarsa, wa ya kashe masa ita?"

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci aka kai ni makarantar kwana a Dutse. Gari ya ɗauka, kowa na cewa gyara ya zo. A zangon nan malamar kimiyya ta zana mana ƙwayar jini mai siffar lauje a allo, ta lissafo alamomin, na ji kamar Nafi'u take karantawa. Na ƙagu a yi hutu in je in hana ƙahon. Da na isa gida, silifas ɗinsa na fara gani a kan katanga, an wanke an ajiye. An riga an binne shi.

Tambayar Inna na bi har ƙasar waje. Ashe jariri da wani irin jini yake zuwa wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan 'yan watanni sai jiki ya kashe ƙwayar gadon da ke yin sa, ya kunna ta manya, wadda ciwon ke cikinta. Yadda ake kashewar da yadda za a sake kunnawa, shi ne aikina tun ƙuruciya har yau. Na yaye ɗalibai, ana ambaton sunana a taruka, wasu sun ɗora a kan irin bincikenmu har sun warkar da yara a can.

Bara na je gida da damina. Ummi, 'yar yayana, tana kwance da kumburarrun yatsu. Na zauna na yi wa Inna bayanin sabon maganin dalla-dalla, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Alhamdulillahi. To yaushe zai iso Miga?" Irin asibitin da ake yin sa kuwa, ko a mafarki babu shi kusa da mu. Na bar ƙwayoyin rage zafi, na roƙi kada a yi mata ƙaho, kowa ya ce to. Amma na san ƙwayoyin za su ƙare, kuma ba uwar da za ta kalli 'yarta na murƙususu ta naɗe hannu.

Ranar da zan tafi na haɗu da ɗan Baba Wanzami a bakin zaure, rataye da zabirar mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kiransa aka yi. Da ina yarinya ina da tambaya da sa rai. Yanzu amsar ce kawai a hannuna.