Jakin Rijiya da Keken Ciyawar Mai Lofe

Ɗantani dai mai yankan ciyawa ne, kuma kada wani ya yamutsa fuska, don da laujensa aka ci tuwo shekara da shekaru a gidan nan na gindin Goron Dutse. Daga wani ƙauye can yamma ya shigo birni, ba shi da komai sai lauje da igiya da dogon wuya kamar na zalɓe. Da damina ya shiga fadama ya yanko ɗanya, da rani ya nemo busasshiya, ya ɗoro a ka ya kai wa masu kiwon raguna. Mutum ne marar magana. In ka ce masa sannu ma sai ya yi tunani kafin ya amsa. Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Uwani, 'yar can arewa wajen Damagaram, wadda in ta buɗe baki ko kajin gida sai sun saurara.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano da 'yan shekaru, Turawan kamfani suka cika bayan ganuwa suna sayen gyaɗa da fatu. A cikinsu akwai wani jajir da ake ce wa Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa ba lofen taba ba. Shi ya hango Ɗantani da dami a ka, ya kira shi da 'yar gurguwar Hausarsa, ya nuna masa gaban gidansa. Fili ne shimfiɗe da kiri-kiri. Ee, kiri-kirin nan da manomi ke tugewa yana zagi, ita bawan Allahn nan ya shuka, har ana ba ta ruwa.

Da Ɗantani ya koma gida ya ba da labari, Uwani ta ajiye muciya.

"To me zai ci ta, Malam? Doki?"

"Ba abin da zai ci ta."

"To me ake yi da ita?"

Ɗantani ya yi tunani. "Kallo."

"Mutum ya shuka ciyawa don ya zauna yana kallo? Malam, ka riƙa karɓar ladanka da wuri, kafin 'yan'uwansa su zo su ɗaure shi."

Ba da lauje ake yankan ba. Wani keken ƙarfe ne da aka ɗauko tun daga Ingila, da wuƙaƙe a murɗe a cikinsa, in ka tura su juya su aske ciyawar ƙwal. Nauyi kuwa kamar an cika turmi da duwatsu. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya ja ɗaya ya tura, amma Mai Lofe, Allah ya sani, hannunsa a dunƙule aka haife shi. Ɗantani shi kaɗai ya yi ta turawa. Bai yi gunaguni ba, don aikin ya rufa asiri. Yara suka yi kumatu, aka yi wa ɗaki sabon yaɓe, Uwani ta daina hararar tukunya.

Ana nan, wata damina, ya sunkuya ruku'u a sallar asuba, sai bayansa ya ce sam ba zai miƙe ba. Uwani ta gasa da ruwan zafi, wanzami ya zo ya kafa ƙaho, aka sha saiwoyi masu ɗacin da ba a magana. Ya tashi, yana tafiya, amma turin keke ya ƙare. In ya dafa ya yunƙura sai ya ji kamar an soka masa mashi a ƙugu. Ita kuwa kiri-kiri ba ruwanta da ciwon kowa, ta samu ruwan sama ta yi ta tashi.

Mai Lofe ya tsaya a kanta, ta rufe masa takalmi.

"Dantani, akwai sabon keke a Ikko. Yana tafiya da kansa. Yana sha fetur. Yana zuwa da mutum nasa." Ya cije lofe ya yi tsaki. "Tsada kwarai, ni zan yi kuka. Amma ciyawa ba ya jira. Sabon wata ya tsaya, kai ba ka iya ba, ni na aika."

Ɗantani ya gane sarai. In keken Ikko ya zo da mutuminsa, shi sai gida. Kuma gadon bayan da ya kasa tura ƙarfe ba zai koma ɗaukar dami daga fadama ba. Ga yara, ga damina ba ta ko raba ba.

Yana tsugune yana kallon keken sai ya lura da wani zoben ƙarfe a goshinsa, wurin ɗaura igiya. To in mutum na iya ja, me zai hana jaki? Bai yi shawara da kowa ba, maza dai kun san su. Ya tafi wajen maƙwabcinsa Isiyaku, dillalin jakai, ya ce a ara masa mai ƙarfi. Isiyaku ya ba shi wani auraki dogo, matashi, irin wanda fatake ke rububi. A ganinsu jaki mai kyau shi ne mai ƙarfi da sauri, haka kowa ya tashi ya gani.

Wayyo. Ana ɗaura igiya, aurakin nan ya taka, wuƙaƙe suka ce ƙarararar a bayansa. Ai sai ya ɗaga wutsiya. Ya ja keke, keke ya ja Ɗantani, suka bi ta kan furannin Mai Lofe, suka kwashe igiyar shanya da wandunan Bature a kanta, sai da gindin mangwaro ya tare su. Fili kuwa duk ramukan kofato, kamar an yi sukuwa a kan danshi.

Mai Lofe ya ƙara ja a kan jansa. "Dubi! Dubi rami! Babu jaki kuma!" Can da ya tuna tsadar keken Ikko sai ya sassauta. "In jaki, babu gudu. Babu rami. Sau daya kuma, shi ke nan."

Ɗantani ya dawo gida yana ɗingishi, ya zauna a soro.  Kashegari Uwani ta aika a ce wa Isiyaku ya kawo duk jakan da ke hannunsa ƙofar gida. Ya kawo. Ita tana daga cikin soro, ta leƙo da ido ɗaya ta jikin ƙyaure.

"Uwargida, ga duna nan," in ji Isiyaku, yana dukan gadon bayan wani baƙi. "Wannan ko ganuwa kika ɗaura masa zai ja."

"Ganuwar na nan lafiya inda take, Malam Isiyaku. Wancan tsohon fa, mai kunne a kwance?"

Isiyaku ya tofar da yawu. "Wannan ba jaki ba ne, jarraba ce. Duk wanda ya saya sai ya dawo mini da shi yana zagin iyayena. Ka ɗora masa kaya, ka kora shi, ya miƙe sak kamar abin kirki. Ya ɗan yi nisa sai ya tsaya cak, ya juyo, ya dawo inda ya tashi. Ka sake kora, ya sake dawowa. Wani mai itace ya wuni tsakanin Ƙofar Kabuga da wata tsamiya, bai je ko'ina ba. Na kai shi an yi masa tofi ma, a banza."

"Wa ya kawo shi?"

"Buzaye suka bar mini."

"Duba ƙirjinsa. Akwai kanta, inda gashi ya ƙoƙe?"

Isiyaku ya sunkuya. "Akwai. Ke kuwa ta yaya..."

Sai suka ji dariya daga cikin soro, irin wadda Ɗantani ya daɗe bai ji ba.

"Ku Kanawa da rijiyoyinku da yaro zai miƙa hannu ya ɗebo! Ba aljani ba ne, jakin rijiya ne. A garinmu in ka jefa dutse a rijiya sai ka gaji da jiran ƙararsa. Ba mai jan guga da hannu. Jaki ake ɗaura wa igiyar a ƙirji, ya miƙe da ita har guga ya fito, ya tsaya, ya juyo ya dawo. Tun yana ƙarami abin da ya sani ke nan. Ba a korarsa, ba a jansa, da kansa yake yi. Kuma wanda ya tsufa yana jin kukan icen rijiya a bayansa, ƙarar ƙarfe ba za ta firgita shi ba. Malam, ba keke mai tafiya da kansa Baturen ke so ba? Ga shi nan yana kaɗa ƙuda."

Ɗantani ya yi tunani. "Da me za mu saya?"

"Da akuyata."

Nan ya ɗago. Akuyar nan jikar wadda uwar Uwani ta ba ta ce ranar da za a kawo ta Kano. Ita kaɗai ce abin da ta mallaka daga gida, ga ta da ciki.

"A'a, Uwani."

"Akuyar ce za ta tura maka ƙarfen? Malam Isiyaku, kwance ta ka tafi, kafin in dawo hayyacina."

Isiyaku ya kwance da sauri har yana tuntuɓe, murna yake ya rabu da jarraba.

Saura ramin kofato. Ɗantani ya ja jakin har Koki wurin Ilu baduku, ya ce takalmi yake so.

Ilu ya dubi ƙafarsa mai faso. "Ai ya kamata tuntuni. Miƙo in auna."

"Ba nawa ba. Nasa."

Ilu ya dubi jaki, ya dubi Ɗantani, ya kira maƙwabtan rumfa su zo su ji da kunnensu. Sai da suka gama riƙe ciki sannan ya zauna ya yanka kirgi mai kauri, ya ɗinka huɗu masu faɗin tafi kamar faifai, da maɗauri a idon sawu. Ladansa, ragonsa zai ci ciyawa har kaka.

Ranar gwaji, birni ya sha kallo. A Kano ai ba a jan jaki, korarsa ake yi daga baya. Wannan kuwa in an kora zai dawo gida, dole Ɗantani ya sa masa igiya ya shiga gaba, jaki na biye yana taku faf, faf, faf.

"Ɗantani, ɗaurin aurensa za ka kai shi?"

"Jama'a ku fito, jaki da takalmi, ubangidansa ƙafa a ƙasa!"

"Saura rawani!"

Ya ci gaba da jan jakinsa har suka fita ganuwa.

Mai Lofe na tsaye a baranda. Ɗantani ya sa wa jakin takunkumi don kada ya yi kalaci da aikin, ya ɗaura igiya daga ƙirji zuwa zoben keke, ya riƙe mariƙi, ya yi bisimilla. Ya yi irin ƙyacin da Uwani ta koya masa da harshe.

Tsoho ya sunkuyar da kai ya taka. Wuƙaƙe suka ce ƙarararar. Ko kunne bai ɗaga ba. Ya miƙe sak kamar an ja masa zare, a hankali, ciyawa na tashi tana zuba, Ɗantani na biye yana riƙe kawai, ba turi, ba mashi a ƙugu. Ya waiga, ba rami ko ɗaya. Hawaye ya ji yana neman zubo masa.

Sai jaki ya tsaya cak.

Bai kai ƙarshen fili ba. Saura kamar tsawon tabarma a kai shinge. Igiyar rijiyarsu iyakarta ke nan, guga ya fito, shi ya gama. Ɗantani ya yi ƙyaci, ya roƙa, ya ce don Allah. Jaki ya juyo abinsa. Dole ya karkata keken ya bi shi. Haka suka yi ta yi, je ka dawo, je ka dawo, har fili ya kwanta lumui kamar kan da wanzami ya gama da shi, sai dai can ƙarshe an bar doguwar ciyawa a tsaye kamar tukku.

Mai Lofe ya sauko, ya zagaya, ya danna ƙasa da takalmi yana neman rami. Ya ɗaga ƙafar jaki ya duba aikin Ilu. Sannan ya nuna tukkun da yatsa.

"Wannan fa?"

Ɗantani ya yi tunani, kuma wallahi ranar tunanin ya yi amfani. Ya zaro tsohon laujensa daga ɗamara.

"Wannan nawa ne, ranka ya daɗe. A zaune ma zan yanke."

Bature ya dubi tukku, ya dubi jaki da ke gyangyaɗi cikin takalmi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, har lofen ya faɗi ƙasa, ranar aka fara ganin bakinsa ba komai.

"Keke na Ikko," in ji shi yana share ido, "ya zauna Ikko."

Uwani ta raɗa wa jakin suna Jekadawo. Ya yi shekaru yana wannan aiki, shi da Ɗantani, har kuku da masu gadi suka riƙa ajiye masa ɓawon rake. Tukkun nan kuwa ya zama rabon gida. Duk sanda ya yi tsawo Ɗantani ya zauna ya yanke, ya ɗora wa jaki su taho da shi. Ragon Ilu ya ci nasa har kaka. Sauran ya riƙa saukewa a ƙofar Isiyaku, inda akuyar Uwani take, bai ce don me ba. Da akuyar ta haihu ta yaye, sai ga Isiyaku da 'yar akuya a kafaɗa, yana cewa shi fa kunya ta ishe shi, a karɓa a bar shi ya huta. Duk awakin da aka yi ta kiwo a gidan nan daga ita suka fito, Allah ya saka wa kowa da alheri, har Isiyakun.

Ranar da Jekadawo ya kwanta bai tashi ba, yara sun riga sun girma, babban ma shi ke riƙe keken. Ɗantani ya kwance takalman nan huɗu, waɗanda Ilu ya sake wa tafi ba adadi, ya rataye su a soro. Ya shiga cikin gida ya tarar da Uwani tana tankaɗe. Ya tsaya a kanta, ya daɗe.

"Uwani."

"Na'am, Malam."

"Akuyar nan. Na gode. Allah ya biya ki."

Ta ɗago, gari a girarta. "Ikon Allah! Tun ranar kake tunanin wannan maganar?"

Ya ce ee.

"To amin," in ji ta, ta juya ta goge ido da gefen zane. "Matsa, ka tare mini haske."