Arzika, Wa Zai Karɓi Amshin?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga watan Maris 2013, ana shirin sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Arzika mai gyaran rediyo a gidansa da ke Talata Mafara, bayan 'yar jinyar da ba ta kai ta kwantar da shi sosai ba. Ina Bakura labarin ya iske ni. Kafin in samu mota in iso har an kai shi makwanci, sai ƙasa ɗanya na tarar. Arzika, ko a nan ma ka riga ni, kamar yadda ka saba riga ni zuwa masallaci.

Masu karatu da ba su san shi ba, ku yi mini haƙuri, da shi zan yi magana.

Na san ka tun ina sabon malamin firamare da aka turo Mafara, shekarun da ake ta kai da kawo kan dam ɗin Bakolori. Rediyona ya lalace na kawo maka zauren gidanka, inda ka mayar shago. Ka gyara, ka ce in zauna in ji wani abu tukuna. Zaman da na yi ke nan, ga shi har furfura ta cinye mu ban tashi ba.

Kowace Talata, in an yi la'asar kasuwa ta fara watsewa, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren, kowa ya zo da waƙar da ta kama masa zuciya. Wani ya kawo gurmi, wani kukuma. Akwai direban da yake kawo mana kaset daga Nijar, jita ce kawai da muryar mutum ɗaya, ba mu jin yaren amma sai ka ga dattawa sun yi tsit. Dokarka guda ce, kuma ba ka taɓa sassauta wa kowa ita ba: "Wanda bai iya amshin waƙa ba, ba shi da bakin kushe ta." Ni da Allah ya yi ni da saurin baki, wannan doka ta sha ɗaure ni.

Ba ka ba da aron kaset. Ka ce waƙa ba fartanya ba ce da za a ara a tafi da ita gona. In mutum yana so, ya zauna ku ji tare, in ta shige shi ka kwafa masa tasa. Kaset ɗin da zarensa ya tsinke, wanda kowa zai jefar, kai sai ka ɗauko biro da jan farce ka liƙe shi kamar mai ɗorin ƙashi. Shekarar da babur ya kayar da ni na kwanta a Bakura, kowa ya zo da sannu da lemo. Kai ka zo da rakoda a bayan keke, ka sa mini gurmin nan da nake so, ka zauna har ya ƙare, ka tashi ka tafi. Ko "ya jiki" ba ka cika ba. Wallahi duk cikin masu dubiya babu wanda ya yi mini magani kamarka.

Amma duk wanda ya zauna a tabarmar nan ya san akwai kaset ɗaya da ya fi sauran a wurinka, na Tungar Kyauta.

Tungar Kyauta ƙauyenku ne, can ƙasar Maradun, yau yana ƙarƙashin ruwan dam. Kana saurayi ka yi leburanci a wurin ginin dam ɗin, kuma da guminka na wurin ka sayi rakodarka ta farko. Kai da bakinka kake cewa, "Ni na taya su haƙa ramin da munka faɗa." A daminar ƙarshe kafin a tashe ku, aka yi gayyar noma, Sallau mai gangar noma ya zo. Waƙarsa ta gayya ba irin ta kowa ba ce. Gona-gona yake bi, ya kira gonar da alamarta, ya tambaya ta wa ce, manoma su amsa da sunan mai ita da kirarinsa. Haka zai zagaye ƙauyen kaf.

Ka ɗauki waƙar. Sai dai kaset ɗinka ɗaya ne, batir kuma ya fara sanyi. Saboda haka duk lokacin da Sallau ya yi tambaya, sai ka danne maɓalli ka tsayar, manoma su gama amshi, ka sake. Ranar da ka ba ni labarin nan na kama baki na ce, haba Arzika, wane irin aiki ne wannan? Ka ce, "To Malam Labaran, mi za ya sa in ɓata batir ga abin da ɗiyan goye sunka sani?" Gaskiyarka. A ranar babu yaron da bai iya amshin nan ba. Wa ya san cewa kafin shekara ta zagayo mutanen za su watse, wasu Dosara, wasu Gidan Goga, wasu inda ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Abin da ya biyo baya na rikicin diyya ba zan tona shi a nan ba, waɗanda suka gani sun gani.

Sai kaset ya zama tambaya zalla. Sallau ya ce, "Fadamar gindin marke, ta wa ta?" sai a ji ƙas, sai wata tambayar. Duk sunayen suna cikin kanka. In ka sa shi, yatsanka na kan maɓalli, Sallau ya tambaya, ka tsayar, ka rera: "Ta Falalu ta, sarkin sammako, rana ba ta iske shi gida." Ka sake, ya tambaya, ka amsa. Na ga tsofaffin Tungar Kyauta da suka zo cin kasuwa suna share hawaye da bakin rawani in an zo gonar ubansu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Sallau ma ya daɗe da rasuwa.

Tambayar ƙarshe ce kawai, ta wata 'yar ƙaramar gona, ba ka taɓa amsawa ba. Sallau zai ce, "'Yar gayaunar bakin rafi, ta wa ta?" sai ka kashe rakoda ka ce batir ya yi sanyi. Har lokacin da ka koma jona ta da wutar lantarki, batir bai daina sanyi ba. Mun yi tsiya, mun yi lallashi, ka yi murmushi ka mayar da kaset gidansa.

Sai zamani ya kawo mana Ɗanasabe mai walda, magidanci da 'ya'yansa, amma wai shi mawaƙin hip-hop ne. Ya zo da waya a hannu ya ce shi ma yana da waƙar da yake so a ji. Ni dai na ce a'uzu billahi, wannan ai faɗa ne ake yi da ganga. Ka dube ni ka ce, "Malam, ka iya amshin?" Dokarka ta ɗaure ni. Kai kuwa, da furfurarka, ka sa ya maimaita har ka riƙe amshin, ka rera shi a gaban jama'a ana ta dariya. Ka ce yaron yana da numfashi, kuma abin da yake faɗi kan matasan da ba su da gona ba su da aiki gaskiya ne. Sannan ka ce masa, "To na karɓi naka. Saura kai ka karɓi nawa."

Kada a ce na tuba, har gobe kiɗan nan yana sa mini ciwon kai. Amma abin da idona ya gani ba zan ɓoye ba. Ɗanasabe ya riƙa rufe shagonsa duk Talata yana zuwa, yana ɗaukar amshin a waya gona bayan gona, yana haddacewa. Ya samu duka, ban da na ƙarshe. Watan jiya ya roƙe ka, ka ce sai wata Talata. Da na ji rasuwarka, bayan na yi salati, abin da ya faɗo mini ke nan: shi ke nan, gayaunar bakin rafi ta nutse karo na biyu.

Talatar da ta biyo bayan sadakar bakwai muka taru a zauren, don ƙafafunmu ba su san wata hanya ba. Na nemi izinin babban ɗanka Mainasara, muka sa kaset ɗin ƙasa-ƙasa. Wanda yake ganin bai dace ba ya zo ya same ni, ni na sa. Yatsana na kan maɓalli. Sallau ya tambaya, na tsayar, Ɗanasabe ya amsa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Har muka zo bakin rafi. Na tsayar. Babu wanda ya ɗaga kai.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan ƙofar cikin gida. Maimunatu ce, matarka, tana cikin takaba. 'Yar Tungar Kyauta ce ita ma, mun sani, amma bai taɓa faɗo wa ɗayanmu ya tambaye ta ba, don kusan shekara arba'in ina shiga gidan nan ban taɓa jin ta kama sunanka ba. "Malam" take cewa, ko "mai gidan". Ta ce, "Ɗanasabe, kunna wayarka. Kuma kada ka tsai da ta."

Ba rerawa ta yi ba, faɗa ta yi, a hankali:

"Ta Arzika ta, angon Maimuna, mai kunya ga gona, mai kunya ga gida."

Ashe gonarka ce. Ashe shekarar kana ango, ita ce ta kai furar gayya, Sallau ya haɗa kunyar gona da kake ja da garma da kunyar da ta hana ka duban amaryarka a gaban mutane, ya yi maka kirari da su. Ka amsa wa ƙauye guda, naka ya gagare ka faɗa. Ita kuma ta ajiye tata kunyar sau ɗaya don kada sunanka ya bi ruwa. Na yi kuka, Arzika, ban ɓoye ba, Ɗanasabe ma walda ba ta hana idonsa ruwa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maimunatu, Allah ya ba ta haƙuri da ladan abin da ta yi. Ina yi wa Mainasara da ƙannensa, da sauran mutanen Tungar Kyauta duk inda ruwa ya watsa su, da abokan tabarmar Talata. Allah ya jiƙan Sallau da duk masu gonakin nan.

Kai kuma Arzika, Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yi shekaru ana tambaya kana amsa wa wasu. Yanzu da aka zo taka tambayar, wadda babu mai amsa wa wani, Allah ya daidaita harshenka, kada batir ya yi sanyi.

Jama'a, wannan amshin dai kowa ya iya shi. Ku ce amin.

Labaran, tsohon malamin makaranta, Bakura.