Dinah, Ba Kuskure Kika Yi Ba

Ranar Talata, 13 ga watan Oktoba, 2009, da la'asar, Allah ya karɓi ran ƙawata Dinah Ezekiel a kan hanyar Ribah zuwa Zuru, bayan babur ɗin da ya ɗauko ta ya yi karo da motar itace. Shekarunta ashirin da takwas. Ina bakin aiki a banki a Kaduna ƙanenta Godswill ya buga mini waya, ya faɗa sau biyu kafin na gane abin da yake faɗi.

Dinah, na zo makokinki a gidan Baba, mahaifinki, a Dabai, kuma a can na ji maganar da ta sa nake wannan rubutu. Wani dattijo cikin danginku ya girgiza kai ya ce, "Da ta ji magana ta karanta kasuwanci, da yanzu tana banki cikin sanyi kamar Rebecca. Me zai kai ta kan acaɓa?" Da sunana aka yi miki gori, ina zaune. Na yi shiru saboda girman Baba da nauyin ranar. Yau ba zan yi shiru ba.

Ni ce shaida. A shekarar 2000 tare muka gama sakandare, tare muka sayi takardar neman shiga jami'a. A lokacin duk wanda ka tambaya a Zuru, daga malami har mai shagon magani, amsa ɗaya ce: a karanta harkokin kasuwanci, nan aiki yake. Ke kuwa ba ki ɗauki maganar kowa haka kawai ba. Kin je kin sami manajan banki a ofishinsa, kin tare wani malamin kwalejin noma bayan sujada a coci, kina tambayarsu inda masu kowane digiri suke ƙarewa. Kika dawo kika ce mini kasuwanci yana koya wa mutum yadda zai riƙe kamfani ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, tattalin arziki kuma yana koya masa abin da ke juya kasuwar gaba ɗaya, kuma banki na ɗaukar duka biyun. Sannan kika dube ni kina dariya kika ce, "Ke tun muna firamare kike sayar mana da ƙuli-ƙuli a aji. Je ki karanta kasuwanci, naki ne." Na bi shawararki, ban taɓa da-na-sani ba. Ke ce kika zaɓa mini hanyar da yau ake yi miki gori da ita.

Baba Ezekiel tsohon saje ne, bai saba a yi masa musu ba. Da kika gaya masa tattalin arziki za ki karanta, ya ajiye cokali ya ce, "Wane ofis ne a garin nan yake ɗaukar masu wannan karatu?" Kika durƙusa kika ce, "Baba, kowace kaka kana sayar da dawarka a wulaƙance, da damina ka sake sayen ta da tsada. Ina so in san dalili, in kuma san maganinsa." Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarki. Ba ki fasa gaishe shi ba, ba ki fasa kai masa tuwo da hannunki ba, ba ki kuma canja abin da kika zaɓa ba.

Karatun bai zo miki da sauƙi ba a Sakkwato. Lissafin ƙididdiga ya kayar da ke a aji biyu, kin yi kuka, kin sake zama kin ci. Ga kuma abin da masu gori ba su sani ba, ko suka manta: bayan bautar ƙasa wani banki ya kira ki, kin ci jarrabawarsu, sun ba ki aiki. Ƙofar da ake cewa digirinki ya rufe miki, a buɗe take. Ke ce kika ce a'a, kika dawo gida kika kama aiki da ƙungiyar mata manoma.

Abin da kika kawo musu ba mai wuyar faɗi ba ne. Kada kowace mace ta kai hatsinta kasuwa ita kaɗai ranar da kowa ke kaiwa. A tara a ɗakin ajiya ɗaya, a jira, a sayar tare. Wuyar tana wajen yi. Dillalan da suka saba saye a bakin gona sun tsane ki. Ɗaya ya tare ki a kasuwar Ribah ya ce ki je ki nemi miji ki bar wa maza harkar hatsi. Kika ce masa, "Hatsin nan mata suka nome shi, Alhaji. Idan za ka saya, ga shugabarmu can." A shekara ta biyu ƙwari suka ɓata masarar da aka ajiye a Manga, matan suka taru suka zazzage ki tas. Wata a matsayinki da ta tattara kayanta. Ke kika tsaya kika ce laifinki ne da ba ki duba buhunan da kyau ba, washegari aka gan ki kina tankaɗe abin da ya rage tare da su.

Ba zan manta da ranar da kika kira ni ba. Baba ya ɗora buhunan dawarsa a amalanke ya kai ɗakin ajiyar Dabai, ya sauke, ya juya ya tafi. Kin ce wannan ya fi miki takardar digiri.

Ranar jana'izarki mata sun cika harabar coci, Kirista da Musulmi, wasu daga Ribah bisa babura a kan hanyar da ta ci ranki. Fadima, shugabar ƙungiyar, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki gaya wa mutanenku, bana ma za mu tara. Ba wanda zai rufe ɗakin nan."

To, ga amsata ga dattijon nan da duk mai irin tunaninsa. A bankinmu ma na raka abokan aiki kabari, sanyin ofis bai tare musu komai ba. Kwanan Dinah ne ya ƙare, ba karatunta ne ya kashe ta ba. Kuma ban yarda a tsorata ƙanwarta Jessica da gawar yayarta ba. Bana za ta nemi jami'a. Ta tambaya, ta bincika, ta dubi abin da zuciyarta da ƙwaƙwalwarta za su iya ɗauka, ta zaɓa da kanta. Duk wanda ta ɗauka, kasuwanci ko tattalin arziki, ina bayanta.

Baba, Mama Alice, Godswill, Jessica, da dukan matan Dabai, Manga da Ribah, ina yi muku gaisuwar wannan babban rashi, ina kuma yi wa kaina. Ubangiji ya share hawayenku, ya ba ku ƙarfin ɗauka. Ya ji ƙan Dinah, ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutawa a wurinsa. Ya sa albarka a hatsin da za a tara bana ba tare da ita ba. Amin.

Rebecca Gabriel
Kaduna